Mai raino ma tana tsufa: yadda za ki tanadi abin ci kafin baya ya ƙi goyo

Matar da ta goya ni ba ita ta haife ni ba. Iya muke ce mata. Ta zo gidanmu tun kafin a haifi yayata, ta goya mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi mana tsarki, ta kwana zaune da mu lokacin ƙyanda. Da gwiwa ta fara ci mata tuwo a ƙwarya, autarmu kuma ta shiga sakandare, sai aka haɗa mata akwati da turamen atamfa da kuɗin sallama, aka sa ta a mota zuwa garinsu. Babu wanda ya wulaƙanta ta. Amma kuɗin nan ba su ga damina ta biyu ba. Daga nan rayuwarta ta koma jiran ranar da ɗayanmu zai tuna ya yi aike, mu kuwa kowa da nasa nauyin.

Daga baya ni ma na yi shekaru ina aiki a ajin raino na wata makarantar kuɗi, na zama “Anti” a bakin yara. A can na ga cewa abin da ya sami Iya yana jiran yawancinmu. Albashin kaɗan ne, sau da yawa a hannu ake miƙa shi ba takarda, wasu makarantun ba sa biyan watan dogon hutu, kuma kafin kuɗin su kwana an riga an raba su tsakanin gida da ƙanne da biki. Ga shi aikin jiki yake ci: sunkuyo, ɗauka, goyo, tsuguno. Mai aikin ofis tana iya kaiwa sittin a kan kujera, amma mai raino tun tana hamsin baya yake fara yi mata gargaɗi. Yaran da kika rena kuma suna da iyayensu da za su fara kula da su idan sun girma. Kirkin uwar ɗaki abin godiya ne, sai dai ba a gina tsufa a kansa. Abin da zai riƙe ki shi ne abin da ke rubuce da sunanki. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni.

Fara da sunanki

Kafin a yi maganar kuɗi, ki tabbata kina da abubuwa uku: lambar NIN, layin waya da aka yi wa rajista da sunanki, da asusun banki naki ke kaɗai. Na san mata da yawa da ake tura albashinsu ta asusun miji, ko na ƙani, ko na mai POS ɗin bakin layi. Ba zargin kowa nake yi ba, amma kuɗin da ya sauka a hannun wani sai kin roƙa kafin ki taɓa shi, kuma ranar da aka sami saɓani ko rasuwa ba ki da hujja. Ki lura sunanki da ranar haihuwarki su zo iri ɗaya a NIN da BVN. Idan nan an rubuta Hauwa'u can an rubuta Kulu, ki gyara tun yanzu da ƙafarki ke iya bin layi, domin ranar karɓar fansho irin wannan saɓanin ne ke sa a yi ta mayar da tsohuwa gida.

Idan kina gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ, da Lotus. Kowane banki kika zaɓa, ki duba ko yana ƙarƙashin inshorar hukumar NDIC. Tun 2024 hukumar ke lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma, idan bankin ya durƙushe.

Idan a makaranta kike aiki, akwai haƙƙin da wataƙila ba a taɓa faɗa miki ba

Dokar gyaran fansho ta 2014 ta wajabta wa duk wata ma'aikata mai zaman kanta da ke da ma'aikata 15 ko fiye ta shiga tsarin fansho na karo-karo. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana kuma karɓar wuraren da ma'aikatansu suka kai uku. Makarantar kuɗi da ke da ajin raino da nazare da firamare, in kin ƙirga malamai da masu shara da mai gadi da direba, da wuya ba ta kai goma sha biyar ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Duk wata za a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinki, mai makaranta ya ƙara aƙalla kashi 10 daga aljihunsa, a zuba su a asusun ritaya mai sunanki. A ce albashin naira 50,000 ne. Naki 4,000, nasa 5,000, wato 9,000 duk wata, 108,000 a shekara, ban da ribar da kuɗin za su haifa. Ki duba da kyau: fiye da rabin kuɗin ba daga jikinki suka fito ba. Shi ya sa nake takaicin jin ma'aikaciya na cewa gara a ba ta albashinta cif-cif, kada a cire komai. Wadda ta ƙi a cire mata dubu huɗu, dubu biyar ta bar wa mai makaranta duk wata.

Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki yi wa ma'aikaci inshorar rai da ta kai aƙalla ninki uku na abin da yake samu a shekara, don iyalinsa idan ya rasu yana bakin aiki. Ke ce ke zaɓar kamfanin da zai kula da asusun, ba mai makaranta ba, kuma tun ƙarshen 2020 kina da damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara idan bai gamsar da ke ba. Wani abin kwantar da hankali shi ne kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke riƙe da su daban, don kada hannu ɗaya ya haɗa tukunya da ludayi.

To yaya za ki tayar da maganar ba tare da an ce kin zo da fitina ba? Kada ki je ke kaɗai, kada kuma ki je ranar da ake rigimar albashi. Ku haɗu ku uku ko huɗu da kuka daɗe a wurin, ku nemi ganin mai makaranta a natse. Magana kamar haka ta isa: “Hajiya, ranki ya daɗe, mun zo ne a kan maganar fansho. Mun ji akwai tsarin da ake cire wani abu a albashinmu, makaranta ta ƙara nata. Muna so a duba mana yadda za a shigar da mu.” Wasu masu makarantun da gaske ba su san dokar ta hau kansu ba. Wasu sun sani, suna jiran a tambaya ne. Idan aka ce za a duba, ku nemi a sa rana.

Mafi muni shi ne inda ake cirewa amma ba a turawa. Hanyar ganewa ɗaya ce: saƙon waya ko takardar bayanin asusu daga kamfanin fanshonki. Takardar albashi da ta nuna an cire ba ta nufin kuɗin sun isa. Wata uku ba ki ga komai ya shiga ba, ki je ofishin kamfanin a buga miki bayanin asusu, ki ajiye shi tare da takardun albashinki. Idan magana ta gari ba ta yi ba, PenCom na karɓar ƙorafi a kan irin wannan, kuma doka ta tanadi tara a kan wanda ya riƙe kuɗin.

Ga mai son kauce wa riba ta ruwa, tun 2021 akwai rukuni na shida na asusun fansho, wanda ake juya kuɗinsa ta hanyoyin da suka dace da shari'a, kamar sukuk, wato takardun saka jari da ake biyan mai su kuɗin haya maimakon ruwa. Ba a kai mutum can sai ya nema, don haka ki rubuta wa kamfaninki cewa a mayar da ke.

Idan aiki ya ƙare kafin ki kai hamsin, asusun na nan, naki ne, kuma da lambar asusun za ki tafi sabon wuri. Kada ki buɗe na biyu. Doka ta yarda ki ciri kashi 25 cikin ɗari idan kin yi wata huɗu ba ki sami wani aikin ba. Shawarata ita ce ki bar wannan ƙofar a rufe sai wuya ta kai wuya.

Idan a gida kike raino, ko wurin naki ne

Yawancin masu raino a nan suke: mai zama a gidan ma'aikaciya tana kula da yara, mai zuwa da safe ta koma da yamma, da wadda ta buɗe ɗan wurin raino a tsakar gidanta. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ballantana gida mai 'yar aiki ɗaya. Don irinku ne aka ƙaddamar da ƙaramin fansho a watan Maris na 2019, wanda aka sani da Micro Pension, daga baya hukumar ta sake masa suna Personal Pension Plan. Duk sunan da kika ambata a ofishin kamfanin fansho za su gane.

Duk wadda ta kai shekara 18 kuma tana da halastacciyar hanyar samu tana iya shiga. Ki ɗauki NIN ɗinki da hoton fasfo da lambar waya da bayanin asusun bankinki, ki je ofishin kamfanin fansho mai lasisi. Sunayensu na shafin PenCom a intanet, ki sa wani mai waya ya duba miki kafin ki fita. Rajista kyauta ce. Wanda ya ce ki biya kuɗin fam, ki tashi ki bar masa wurin. Za a ba ki lamba mai farawa da PEN. Ki rubuta ta a wuri biyu.

Zubi kuwa yadda ya sauwaƙa: kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, ta banki ko ta waya. Watan da babu, ba wanda zai ci tararki. Abin da ya sa tsarin ya dace da mai ƙaramin ƙarfi shi ne an raba kuɗin gida biyu. Lokacin da aka fara, ƙa'idar ita ce kashi 40 cikin ɗari kina iya cira don buƙatar gaggawa bayan wata uku da fara zubi, kashi 60 kuma a kulle sai kin kai shekara 50 ko rashin lafiya ta hana ki aiki. Hukumar kan sabunta ƙa'idojinta, saboda haka ranar rajista ki sa a nuna miki rabon da ake bi a rubuce, ki kuma tambayi yadda za a sa naki a ɓangaren da babu ruwa idan haka kike so. In lokaci ya yi, ana iya biyan ki wata-wata, idan kuma abin da ya taru bai kai a tsara masa biyan wata ba, a ba ki shi dunƙule.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan asusun shi kaɗai ba zai ciyar da ke shekara ashirin ba in zubin ƙarami ne. Naira 1,000 duk mako, 52,000 ke nan a shekara, 520,000 a shekara goma kafin a sa riba. Amfaninsa babba shi ne kullen. Kuɗi ne da ba za a karɓa a hannunki da daren Juma'a ba saboda an sa ranar bikin 'yar ƙanwar wani.

Nawa za ki cire, kuma yaushe

Kada ki tsayar da adadi, ki tsayar da kaso. Wadda ta ce dubu biyu za ta riƙa ajiyewa, bayan shekara biyar tana nan a dubu biyu, alhali dubu biyun ba ta sayen abin da take saya da. Mun gani da idonmu bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, yadda hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Ki ce ɗaya bisa goma na duk abin da ya shigo hannuna ba nawa ba ne, na tsohuwar da zan zama ne. In goma ta yi nauyi, fara da ɗaya bisa ashirin. Aka ƙara albashi, rabin ƙarin ya bi ajiya tun kafin ki saba da shi.

Lokacin cirewa shi ne ranar da kuɗin suka shigo, kafin ki isa gida. Ragowar ƙarshen wata ba ta taɓa samuwa a gidan mai ƙaramin albashi.

Abin da kika cire ɗin ki kasa shi uku, ko da ba daidai wa daida ba. Kaso na farko na gaggawa ne, yana zaune a banki har ya kai abin da zai riƙe ki wata biyu ko uku, domin aikin raino yana ƙarewa ba sanarwa: an yi wa maigida canjin wurin aiki, ko yaro ya isa shiga makaranta. Na biyu na fansho. Na uku na kadara, abin da ke tashi idan farashi ya tashi. Idan ba ki da komai a ƙasa yanzu, ki fi ba na gaggawa ƙarfi a shekarar farko, in ba haka ba ciwo ɗaya zai sa ki fasa sauran.

Sai maganar da ta fi kowacce wuya, wato dangi. Mai aiki a birni, ko nawa take ɗauka, a ƙauye mai albashi ce. Ba na cewa ki rufe hannu ga iyaye, Allah ya kiyaye. Amma ki yanke abin da za ki riƙa aikawa duk wata, ki sanar da su, ki tsaya a kai. Anko kuma ba dole ne kowanne ki shiga ba. Ki lissafa abin da kika kashe a anko da gudunmawa bara, za ki ga tunkiya ce sukutum ta tafi. Ajiyarki kuwa ba sai kowa ya san da ita ba. Mutum ɗaya amintacce ya isa.

Adashi, kiwo, gwal da fili

Adashi makaranta ce ta horon hannu, kuma da shi mata da yawa suka yi kayan ɗakin 'ya'yansu. Sai dai adashi ba ya haihuwa. Abin da kika zuba shi za ki kwasa, kuma in kwasarki ce ta ƙarshe, kuɗin sun riga sun rage daraja. Don haka ki ɗauke shi a matsayin hanyar tara dunƙulallen kuɗi da za a mayar kadara. Tun ranar da kika shiga ki san abin da za ki saya da kwasar, kuma ki saye shi a makon da kika karɓa. Kwasar da ta kwana goma a ɗaki ta zama ta kowa. Ki shiga na mutanen da kika san gidajensu, uwar adashi ta kasance mai littafi, kuma kada zubin ya wuce abin da za ki iya ko a watan da ba a biya albashi da wuri ba.

Kiwo shi ne bankin iyayenmu mata, kuma har yau yana aiki. Tunkiya da akuya wata biyar suke ɗaukar ciki, akuya kuma ta saba da tagwaye. Mai zama a gidan aiki ba ta da wurin turke, dole ta ba wani a gida ya riƙe mata. A nan ake samun matsala, domin dabbar da mai ita ba ya gani ita ce kullum ake cewa ta mutu ko ta ɓata. Ki yi sharaɗi a gaban shaidu biyu: wa ke ciyarwa, wa ke biyan magani, yaya za a raba 'ya'ya. Mai riƙo ya san yana da rabo, shi ne zai sa ya kula. Ki ware kuɗin allurar riga-kafi duk shekara, ki riƙa neman hoto ta waya, in kin je gida ki ƙirga da idonki. Turkar rago don babbar salla na kawo riba, amma sai an lissafa dusa da harawa tun farko, saboda abincin kan cinye ribar idan aka saya da tsada.

Gwal ya fi sauƙin ɓoyewa, ba ya ci ba ya sha, kuma farashinsa na bin dala, shi ya sa yake tsere wa faɗuwar naira. Ki saya a wurin wanda aka sani, a auna a gabanki, a rubuta miki nauyi da lambar karat a rasit. Ki zaɓi mai sauƙin ƙira, domin kuɗin aiki da duwatsun ado ba sa dawowa ranar sayarwa. Haɗarinsa sata, musamman ga mai kwana a ɗakin da ba nata ba. Kada ki ajiye shi a gidan aiki. Ban da ɓata, akwai ranar da za a nemi wani abu a gidan a rasa, a buɗe jakarki a ga ɗan kunnen gwal, rasit ne kaɗai zai wanke ki. Idan dukiyar ta kai nisabi ta shekara, ki tambayi malami yadda za ki fitar da zakka.

Akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya, wanda ofishin kula da basussuka ya fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, a dawo da uwar kuɗin idan wa'adi ya cika. Ba kullum ake sayar da shi ba, sai an buɗe, don haka ki gaya wa ma'aikacin bankinki ya sanar da ke.

Fili shi ne burin kowa, kuma da gaskiya, tsohuwar da ke da ɗakin kanta ta rage rabin wahala. Amma a nan ne ake yi wa mata cuta mafi ciwo, a sayar wa mutum uku fili ɗaya. Kada ki biya sai kin taka wurin da ƙafarki, kin ji daga bakin mai unguwa da maƙwabtan filin, an rubuta takardar ciniki da sunanki, ba na ɗa ko miji ba, da shaidu. Inda fili ke da takardar gwamnati, a bincika ta a ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna.

Abu ɗaya da ba zan ba ki shawararsa ba shi ne tara takardun kuɗi a ƙarƙashin katifa. Waɗanda suka yi haka sun ga tashin hankali a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Haka nan duk wanda ya zo miki da harkar da za ta ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ko a waya ko a bakin wata ƙawa, ki tuna yadda kuɗin mutane suka salwanta a MMM a 2016 da CBEX a 2025. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Lafiya, da sana'ar da za ki koma

Abin da ya fi cinye ajiyar tsofaffi asibiti ne. Jihohi na da hukumomin inshorar lafiya da ke karɓar mai zaman kansa ya biya na shekara, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Ki je ki ji nawa ne, da abin da katin ya ƙunsa. Ki kuma riƙa auna hawan jini, ki koyi ɗaukar yaro da durƙusawa maimakon sunkuyawa. Shekara biyar da kika ƙara kina aiki da lafiya ta fi kowace riba.

Tun kina da ƙarfi ki fara sana'ar zaune da za ki koma: ƙosai, ɗinki, turaren wuta, saƙa, sayar da kayan miya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko kuma ki yi amfani da abin da kika fi kowa sani. Matar da ta yi shekara ashirin tana raino, unguwa ta san amanarta, za ta iya karɓar yara biyar ko shida a gidanta, ta ɗauki yarinya mai ƙarfi tana taya ta ɗauka da wanki, ita tana sa ido. Idan wurin zai girma, ki nemi izinin hukumar da ke kula da irin waɗannan wurare a jiharku.

In kuma kin riga kin haura hamsin ba ki tara komai ba, kada ki ce lokaci ya wuce. Ki karkata ƙarfinki wuri uku: matsuguni, katin asibiti, da jarin ƙaramar sana'a. Ki kuma yi magana da masu gidan tun yanzu a kan sallama, kada ki bari sai ranar haɗa akwati.

Maganar da za ki yi da uwar gida

Da yawa daga cikin matan da muke yi wa raino ma'aikata ne, su ma ana cire musu fansho, sun san zancen. Ki zaɓi lokacin da hankalinta ke kwance, ki ce: “Hajiya, na buɗe asusun fansho. Ina roƙon in za a biya ni, a tura dubu uku can kai tsaye, a ba ni sauran. In kuma da hali ki ɗan ɗora mini wani abu a kai, Allah ya saka da alheri.” Ki miƙa mata lambar a rubuce. Kayan salla ma kina iya cewa bana a rage turmi ɗaya a zuba kuɗinsa can.

Ku kuma iyayen gida da wannan rubutu zai iso gare ku, ina roƙonku da girman Allah. Matar da kuka bar wa abin da kuka fi so a duniya, ku taimaka mata ta yi NIN, ku ba ta rabin yini ta je ta yi rajista, ku ɗora mata kashi goma kamar yadda ake ɗora muku a ofis. A albashin 40,000, dubu huɗu ce. Idan yarinya ce ƙarama da ba ta kai sha takwas ba, wurinta makaranta ne, kuma kuɗin da ake miƙa wa dillaliya da sunanta ba ya zama nata. Da mun san wannan lokacin da Iya ke gidanmu, da kuɗin cefanen kwana ɗaya a wata ya canza mata shekarunta na ƙarshe.

Abu na ƙarshe da za ki yi shi ne haɗa takardu. Ki sami jakar leda mai zif, ki sa kwafin NIN, lambar fansho da sunan kamfanin, lambar asusun banki, rasit ɗin gwal, takardar fili, da takardar da aka rubuta sharaɗin kiwo da sunayen shaidu. Lambar sirrin katin banki kada ta shiga ciki. Ki ajiye jakar a gidanku, ki ɗauki hoton kowace takarda a waya. A fam ɗin fansho akwai gurbin wanda za a tuntuɓa idan ta Allah ta kasance. Ki sa mutumin da ke ɗaga waya, ki kuma gaya masa kin sa shi. Kuɗin da ke asusun gado ne, magada za su karɓa da takardar kotu a raba yadda shari'a ta ce, amma sai sun san akwai su. Duk shekara, bayan ƙaramar salla, ki buɗe jakar, ki karɓo sabon bayanin asusu daga kamfanin fansho ki sa a ciki, ki duba ko lambar wayar da ke fam ɗin tana aiki har yanzu.